Yadda Na Sauka Daga Gangar Moya Barda

Shahad, yau kwana tara ke nan da Mu'utaz, mai gangar ƙungiyar Moya Barda, ya kawo tumtum ɗin nan na jar fata ya ajiye a falonmu, kuma har yanzu yana inda ya bar shi. Mamanki tana share gefensa ta wuce, Anas yana tsallake shi idan zai kunna talabijin, ke kuwa ko kallonsa ba kya yi. Na ji abin da kika faɗa wa Mu'utaz a bakin ƙofa, duk da kin rage murya. Kin ce ba za ki zauna a kujerar da aka ture ubanki daga kai ba, kuma ya je ya gaya wa Bakur haka. Bakur kawai kika ce, gatsal, mutumin da ya yi miki huɗuba ranar da aka haife ki, ko Ammi, wato baffa, ba ki saka masa ba. Na so in kira ki mu zauna, sai na tuna halina. Da na fara zan ɗauki zafi, ke ki juya harshe zuwa Larabci, ni in bi ki, mu tashi ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ajiye babin tarihina da nake rubutawa na shekaruna a shagon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na tsallako nan. Hausa kina jin ta sarai, bakinki ne kawai take yi wa nauyi. Ki karanta a hankali, in kin gama ki ba ƙanenki.

Tumtum ɗin na kakarku ne, Sitti Asabe. Ku kun san ta tsohuwa mai carbi da ciwon gwiwa. Ni na san ta tana shugabar mata bakwai masu kiɗan biki, waɗanda mutanen Jidda ke kira taggagat. Daga Ammariyya har Aziziyya, in gidan masu hali za su kai amarya, Asabe ake nema. Kakarta ce ta taho daga ƙasar Kano don sauke farali, ta zauna ba ta koma ba, kuma tumtum ɗin yana cikin ƙullin kayan da ta iso da shi. An sake masa ciki ba adadi, an yi masa faci a gefe biyu, amma fatar saman ita ce dai. A kansa Sitti ke zama a tsakiyar matan, bandiri a hannu. Tana da wani kiɗa na shigowar amarya, bugu uku ne kacal, amma na ukun ba ya sauka lokacin da kunnenka ke jiransa. Yakan ɗan makara, kamar mai sabon takalmi tana ɗaga ƙafa, kuma wannan ɗan jinkirin shi ke tayar da mata daga kujerunsu. Suna gwaji a tsakar gidanmu kowace Talata, a nan ya shige ni ban sani ba.

Matan nan suna da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce tushen duk wannan magana. Mace ba ta barin ƙungiya haka kawai. Sai ta nemo wadda za ta maye gurbinta, ta zauna a bayanta biki uku, hannunta a kafaɗar sabuwar tana danna mata lokacin bugu. A biki na uku ta ɗauke hannu, ta miƙa mata abin zamanta a gaban kowa, ta ce, "Halas, shi ke nan, na sauka." Daga ranar ba ta sake karɓa, ko da ta warke daga ciwon da ya saukar da ita, ko da mijin da ya hana ta ya sake ta. Sitti ba ta samu yin haka ba. Zamani ya zo da piyano mai batir da masu saka faifai, biki ya daina nemansu, matan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta wayi gari ba ta da wadda za ta zaunar, sai ta tura tumtum ɗin ƙarƙashin gado ta daina zancensa.

Ni da Bakur gida ɗaya ya raba mu a Ammariyya. Yana tsaron wani shagon kaset a unguwar Balad, kuma shi ya fara kawo mini irin kiɗan nan da ake kira pop-punk: jita mai ƙara, ganga a guje, waƙa ba ta cika minti uku, amshi kuwa ko kurma zai kama. Yaran Turawa ne ke kukan sun gaji da garinsu da makarantarsu. Bakur ya saurara, ya kashe, ya dube ni.

"Waɗannan da fasfo ɗinsu a aljihu suke kuka haka? Wallahi ya Haruna, mu muka fi su abin faɗa."

Ya kuwa faɗa. Ban taɓa ganin mai kai irin nasa ba, kuma ina faɗin haka ne ba don abokina ba ne. Da Larabcin unguwa yake rubutawa, amshin ya jefa Hausa. Ya yi waƙar layin sabunta iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ya yi ta mutumin da ake tambaya daga ina yake a garin da aka binne cibiyarsa, ya yi ta mukayyif da ke mutuwa a tsakiyar zafi, wadda ni na san inda ya samo ta. Abin baƙin ciki yake ɗauka ya sa ka yi tsalle kana dariya, sai ka koma gida sannan ya cije ka. Shi ya raɗa mana suna Moya Barda, ruwan sanyi, kiran da kakanninmu mata ke yi a bakin hanya suna sayar wa alhazai ruwa. Mu huɗu muka fara: Bakur a waƙa da jita, Ilyas a jita ta biyu, Salim ɗan Hadramaut a jitar bes, ni a ganga. A lokacin ba a yin irin wannan a fili, kun dai ji labari. Wani ɗaki a saman gidanmu muka liƙe da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu, muna yi daga La'asar, da an kira Magariba mu ajiye. Wasa kuwa sai a istiraha, gidajen shaƙatawar nan na bayan gari da ake haya, ranar Alhamis da yamma, kowa ya gayyato wanda ya yarda da shi.

Sitti ba ta ɗauke mu a bakin komai ba. In mun sauko takan ce, "Wannan ba kiɗa ba ne, gudu ne. Wa ya biyo ku?" Sai wata rana, a tsakiyar waƙar layin iƙama, hannuna ya yi abin da ban sa shi ba. Ya saka bugun nan na uku, makararre, a kan babbar ganga ta gefe. Bakur ya juyo baki buɗe bai daina waƙa ba. Ba mu kai ƙarshe ba aka turo ƙofa. Sitti ce, wadda ta shekara ba ta hau benen nan ba, tana haki.

"Wa ya ba ka wannan?"

"A gidan nan na tsinta, Umma."

"Tsinta. Tayyib. Sake in ji."

Washegari ta sa aka hau da tumtum ɗin, aka ɗora mini a kan akwatin lemo da nake zama. Ta zauna a bayana gwaji uku, audugar kunne a kunnuwanta, yatsunta a kafaɗata. A na uku ta ɗauke hannu ta ce ta sauka. Su Salim suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga nan Moya Barda ta daina zama masu kwaikwayon Turawa. Akwai ƙungiyoyi a Jidda da suka fi mu kayan kiɗa, suka fi mu Turanci, amma mu ne in mun fara, ɗan Sudan da ɗan Yaman da ɗan gidan attajiri ke rungumar kafaɗar juna suna tsalle ba su san me ya ɗaga su ba. Bakur ya ce ƙa'idar Sitti ta zama ta firƙa, wato ƙungiyarmu, gaba ɗaya. Da mahaifin Salim ya rufe shago za su koma gida, sai da Salim ya zaunar da Fauzi, jikan mutanen Jawa haifaffen Balad, ya tsaya a bayansa wasa uku, sannan ya cire maɗaurin jitarsa ya rataya masa. Duk mun ga abin ya yi kyau, domin ba a kanmu ya faɗo ba.

Shekarar da aka haife ki ya faɗo a kaina. Wani da ya ji mu a istiraha ya kai faifanmu Dubai, sai ga gayyata zuwa wata gasar ƙungiyoyin matasa, a fili, a kan dandamali na gaske, da fitilu. Shekara bakwai muna kiɗa a ɓoye kamar masu laifi. Bakur ya karanta takardar sau uku a saman bene. Ni kuwa tun bai gama ba na tuna abin da ke cikin aljihuna. Kafilina, dattijon da iƙamata ke ƙarƙashin sunansa, ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Ya'yansa suna ta jayayya a kan wanda zai riƙe shagon, takardun shagon suka mutu, iƙamata ta bi su. Ba wanda zai sa mini hannu a takardar fita da dawowa. In na fita, na fita ke nan, sai dai in nufi ƙasar da ke rubuce a fasfo ɗina, wadda ban taɓa takawa ba. Ga mamanki da cikinki wata bakwai. Na faɗa musu. Bakur ya ninke takardar ya cusa a aljihun baya.

"Halas. Ba ma zuwa."

Ilyas ya ce, "Ya Bakur, ka yi tunani dai..."

"Na yi. Mu huɗu aka gayyata. Yalla, daga farko."

Ki riƙe wannan, Shahad. Mutumin da kika ce ya ture ni, shi ya ninke burinsa na shekara bakwai ya zauna a kai saboda ni, bai ko nisa ba. Kuma zan faɗa miki abin kunya: daɗi na ji. Kwana biyu ina yawo kaina a sama, ina cewa a raina ba su iya komai ba ni. A rana ta uku na biya shagonsa a Balad da azahar, na hango shi ta gilashi, ya fito da takardar ya shimfiɗa a kan kanta yana goge lanƙwasar da tafin hannu. Bai gan ni ba. Na juya ban shiga ba.

Ni na nemo Kabiru. Ɗan Kaduna ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, shekararsa biyu da zuwa a kan kwantiragi, takardunsa tsaf. A filin ƙwallon 'yan Najeriya na san shi, na kuma san ya yi ganga tun yana makaranta. Na ce wa Bakur aro ne, sati ɗaya, ya je ya dawo mini da kujerata. Da ƙyar ya yarda. Na koya wa Kabiru waƙoƙin duka cikin kwana goma, domin yaron akwai hannu, ya ma fi ni tsabtar bugu. Abu ɗaya na riƙe ban ba shi ba, kin san ko mene ne. Na tsaya a bakin ƙofa na saurari gwajinsu. Komai daidai, ba kuskure ko ɗaya, kuma ba rai a ciki ko kaɗan. Irin kiɗan da za a tafa musu a Dubai a manta da su kafin su sauka. Bakur ya ƙi haɗa ido da ni. Da na sauko, Sitti tana tsince shinkafa a faranti, ta ji komai ta cikin rufi.

"Wannan baƙon naka, ka ba shi ko ka ara masa?"

"Aro ne, Umma. Sati ɗaya. Gobe zan nuna masa na ukun, ya je da shi ya dawo."

"Nuna masa. Ba zai zauna a hannunsa ba."

"Yaron ya iya fa."

"Na ji ya iya. Ya waladi, jinkirin nan ba a hannu yake ba. Wanda ya san za a tashe shi ba ya iya jira, sauri yake ya gama kafin a ce ya tashi. Ka ɗauka don mugunta muka ce ba a karɓa? Don wadda ta zauna ta daina waiwaye ne."

Na yi gardama, har na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Washegari na gwada. Na nuna wa Kabiru, na sake nunawa, na rera masa da baki. Ya cire abin kunnensa mai ƙirga masa lokaci, ya yi gumi sharkaf.

"Oga Haruna, wannan abin ba ya zama a click. Ina ne exactly yake faɗowa? Ka ba ni count."

"Ba shi da count. Jira za ka yi."

"In jira me?"

Kwana huɗu muna haka. Duk lokacin da ya zo wurin, sai ya saci kallona, bugun ya faɗo da wuri. Tsohuwar ta yi gaskiya, kuma na tsani gaskiyar tata. Zaɓi biyu ne a gabana, ba na uku. Ko in riƙe kujerata su je Dubai da kiɗan kowa da kowa, ko in ba da ita su je a matsayin Moya Barda. Na tambayi mamanki. Ta ce ita dai abin da ta sani, ta auri mai gyaran mukayyif, gangar ƙari aka yi mata, amma in na zama mai baƙin rai a gida ba za ta ɗauka ba. Ranar na ja Kabiru gefe a kan bene, ba wanda ya ji, na ce masa kujerar tasa ce, ba aro ba, har ranar da shi da kansa zai zaunar da wani. Ya ce, "No, Oga, haba." Na ce na riga na faɗa.

Saura wasa uku kafin tafiya, kamar an auna. Na zauna a bayansa, yatsuna a kafaɗarsa. A na farko ya samu sau biyu cikin goma. A na biyu ya samu rabi. Na uku a wata istiraha aka yi, a cikin busasshen wurin ninkaya muka jera kaya, mutane suka zagaye mu ta sama, rana ta yi sanyi. Muka shiga waƙar layin iƙama. Na ji kafaɗarsa ta saki a ƙarƙashin hannuna, ya daina neman ido na. Ana zuwa amshi na ɗauke hannu. Bugun ya sauka a makare, daidai inda Sitti ke ajiye shi, wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Na duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai lura an canza hannu. Babu wanda ya waiwayo. Na sha jin ciwo a rayuwata, na binne uwa da uba, amma wannan minti ɗin yana cikin waɗanda ba na son tunawa. Da waƙar ta ƙare, na ce wa Kabiru ya ɗaga, na ɗauki tumtum ɗin na ɗora a hannuwansa biyu.

"Halas. Na sauka."

Bakur yana tsaye da abin magana a hannu, bai san da shirin ba. Ya manta a kunne yake, kowa ya ji shi.

"La, la, Haruna! Ba haka muka yi da kai ba!"

Suka tafi, domin an riga an yanki tikiti, kuma na rantse masa in ya fasa ba ni ba shi. A satin aka haife ki. Ba su ci gasar ba, amma wani mai ɗakin ɗaukar sauti ya riƙe su kwana uku, a nan aka naɗi faifansu na farko. Daga filin jirgi Bakur ya zarce gidanmu da jakarsa a kafaɗa, shi ya karɓe ki ya yi miki huɗuba, domin ni muryata ta ƙi fita. Bayan wata bakwai aka mayar da iƙamata hannun sabon kafili, takarduna suka gyaru. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, sai ga Bakur da Kabiru, tumtum a cikin buhun shinkafa. Kabiru ne ya fara magana, da zuciya ɗaya.

"Oga, na riƙe maka amana. Ga kayanka. Ni ko tamborin ne, ɗan kacau-kacau ɗin nan, a ba ni in riƙa kaɗawa a gefe, no problem."

Na kalli buhun. Wallahi yatsuna har motsi suke. Na ce ba na karɓa. Bakur ya miƙe tsaye.

"Ish fik, ya akhi, me ya same ka? Takardunka sun fito, yaron da kansa ya kawo. Don ƙa'idar mata masu kiɗan biki za ka kashe kanka?"

Daga cikin ɗaki Sitti ta yi gyaran murya.

"Bakur, ina jin ka fa."

"Ma'alesh, ya Khala, ba ke nake nufi ba."

"To da wa kake?"

Ko a lokacin sai da Kabiru ya yi dariya. Ni na ce wa Bakur, in na karɓa yau, duk wanda ya sake zama a wurin nan zai yi kiɗa yana waiwaye, har ni kaina. Ya ce bai damu da wanda zai zo ba, da ni ya fara, da ni yake so ya ƙare. Ya fita ya bar buhun, sai da Kabiru ya dawo ya ɗauka. Azumi guda bai yi mini magana ba. Kada ki ɗauka ni kuma na zauna lafiya. Na yi shekaru ina da-na-sani. Nakan tsinci kaina a saman gidan mutane, cikin rana, ina buga murfin mukayyif da sukundireba biyu har mai gida ya leƙo. Mamanki ta sha fama da ni, duk da gargaɗin da ta yi.

Ga inda laifina yake, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Zance ya bazu a unguwa cewa da Moya Barda suka samu ɗan boko mai takardu, sai suka yar da ɗan unguwarsu. Ban taɓa faɗin haka ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba. In an ce, "Allah sarki Haruna, sun cuce ka," sai in sunkuyar da kai in ce Allah na nan. Ya fi mini daɗi a ce an ture ni da a ce ni na sauka kuma abin yana cina. Bakur ya ji zancen, an ma faɗa masa a fuska a wurin wata jana'iza. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Bayan shekaru na tambaye shi dalili, ya ce, "Ka rasa ganga. In wannan zancen yana rage maka zafi, ni zan iya ɗauka." A haka kuka taso kuna ji daga bakin 'yan uwa, ni ina zaune ina shan shayi.

Ita kuwa firƙa ta ci gaba, kuma ina alfahari da ita kamar ban taɓa barinta ba. Sun yi faifai na biyu. Ilyas ya samu aiki a gabas, ya zaunar da wani. Fauzi ya yi aure ya zaunar da ƙanen matarsa. Akwai shekarun da ba su yi wasa ko ɗaya ba, Bakur yana tuƙa motar haya, amma duk Laraba sai ya tara su. Da kwantiragin Kabiru ya ƙare, ya nemo Mu'utaz, ɗan Sudan haifaffen nan, ya zauna a bayansa wasa uku, sannan ya kira ni daga filin jirgi ya ce, "Oga, na sauka clean." Na ga ƙungiyoyi da yawa a garin nan da suka fi su suna, suka tarwatse a kan wa ya fi wa. Moya Barda ta canza kowa ban da Bakur, kuma ba wanda ya bar ta yana zagin wani. In ka rufe ido ka saurare su yau, su ne dai na saman benen Ammariyya.

Kin tuna ranar da aka fara barin su su yi wasa a fili, a bakin teku, da La'asar sakaliya? Kina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Muka tura Sitti a keken guragu har gaba. Bakur ya fito da furfura a gemu da tumbi a gaba, yana tsalle kamar ba shi ne mai hawan jini ba. Mu'utaz bai taɓa ganin Sitti ba, bai san da ita a wurin ba. Aka zo amshi, ya saki na ukun. Ta kama hannuna ta jawo ni ƙasa, ta ce a kunnena, "Ya makara daidai." Ba ta ƙara shekara ba bayan nan. Kin ga ina hawaye ranar, kika ƙulla a ranki cewa baƙin cikin an raba ni da kujerata ne. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai shi a ciki. Amma mafi yawansa ba shi ba ne. Hannun uwata nake ji yana fita daga hannun wani ɗan Sudan, a gaban dubban mutane, a garin da ta yi shekara arba'in tana kiɗa a bayan labule. Da na karɓi buhun nan ranar Juma'ar, da abin ya tsaya a kaina, ya tsufa tare da ni a saman gidajen mutane.

Yanzu Mu'utaz zai bar Jidda ya bi iyalinsa, ya duba garin nan kaf ya zaɓe ki. Ba ni na roƙa ba, ba Bakur ya sa shi ba, ƙa'ida ba ta ba mu wannan ikon ba. Bidiyonki kina buga ganga ya gani. Ni ma ina jin ki, kin ɗauka don kin sa abin kunne a gangar lantarkin nan ba a ji, alhali ƙwanƙwasar sanduna tana ratsa bango har ɗakinmu. Kin fi ni hannu, kin fi Kabiru. Kina neman na ukun nan kusan shekara biyu, kuma kullum da wuri yake faɗo miki. Na sha miƙewa zan shigo, in koma in zauna, domin ba hannuna ne zai hau kafaɗarki ba, na Mu'utaz ne. Abin da zan iya gaya miki kawai, mai fushi ma ba ya iya jira, kuma fushin da kike ɗauke da shi ni na ɗora miki, a kan mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri. Ki yafe mini wannan.

In ba kya son kujerar don kanki, ki mayar wa Mu'utaz da hannunki, ba wanda zai ce miki don me. Amma kada ki ƙi ta saboda ni. Ni dai ba zan ɗaga tumtum ɗin daga inda yake ba, ko don a share ƙarƙashinsa, na riga na sauka. Jibi Laraba suna gwaji bayan La'asar. Na sa mai a mota, na kuma ce wa yaran shago ba zan dawo da yamma ba. In kin ɗauko shi, zan kai ki, in tsaya daga bakin ƙofa. Kuma in kin shiga, kafin ki taɓa sanda, ki je ki gaishe da Bakur, ki ce masa Ammi.